Ƙwayoyin da Ketura Ba Ta Sha Ba

Mindarup, bakin kogin Sepik
9 ga Maris

Zuwa ga Yaya Debora,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Kundiyawa.

Na san har yanzu ba ki huce ba da na bar tuddanmu na bi malamin makaranta zuwa ƙasar ruwa, amma wannan labarin ya fi ƙarfin in riƙe shi: ina da ciki, wata biyar. Mijin nawa, Alois, sai washe baki yake yi kamar a kansa aka fara haihuwa.

Jikin ne dai ba daɗi. Zazzaɓi ya kayar da ni sau biyu. Idan na bi mata fadama wankin sago, garin abinci da suke fitarwa daga cikin wani itace mai kama da giginya, kafin su cika kwando ɗaya ni na zauna ina haki. Surukata, Mama Ludwina, takan dube ni ta ce, "'Yar tudu, ke cin dankali kawai aka koya miki? Mu nan da tsohon ciki muke aikin sago har ranar naƙuda." Matan su kwashe da dariya, ni ma in taya su. Abin kunya kuma, Yaya, yumɓun bakin kogi nake ci a ɓoye. Raina ba ya son komai sai shi.

Nas takan zo ƙauyen nan sau ɗaya a wata. Ta ja fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna, ta ce, "Yarinya, ina jininki ya tafi?" Ta ce zazzaɓin sauro ne, ga kuma tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa tana shan jini. Ta ba ni ƙwayoyi iri uku. Na farkon da na sha sai amai. Mama ta ce, "Wannan ɗacin zai ƙona mini jika. Bakwai na haifa, ban haɗiyi ko ɗaya ba." Ta karɓe su ta soke a jinkar ɗaki. Ban gaya wa Alois ba, kada in haɗa ɗa da uwarsa.

Ki gaida kowa. Ina marmarin sanyin gida.

Taki ƙanwa,
Ketura

Kundiyawa
2 ga Afrilu

Ketura,

Muna lafiya, mun gode Allah. Na yi murna da cikin, amma tun da na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba.

Na kai ta wurin Sista Miriyam, ungozomar nan ta cocinmu. Ta karanta ta dafe kai. Ta ce surukarki a cikin sauro aka haife ta, jininta ya saba da shi tun tana goye. Mu 'yan tudu jininmu bai san shi ba, kuma mai cikin fari ita ya fi yi wa ɓarna. Ta ce ciwon yakan laɓe a mabiyiya, ya rage wa ɗa abinci, ya fasa jinin uwa, ko da jiki bai yi zafi ba. Ga tsutsa tana tsotsar abin da ya rage. Cin ƙasar nan da kike yi ba kwaɗayin ciki ba ne, jini ne ya yi ƙasa. Ranar haihuwa kowace mace takan zubar da jini. Wadda ba ta da ajiya, da me za ta tsaya?

Kina jina? Ki sa hannu a jinkar nan ki ciro maganinki ki sha, ko za ki yi amai sau goma. Ki sa takalmi. Ki kwana a gidan sauro. Kunyar suruka ba ta taɓa ƙara wa kowa jini ba. In ba za ki iya gaya wa mijin naki ba, miƙa masa wannan takarda, ai ya iya karatu, aikinsa ke nan.

Ya fi mini ma ki taho gida ki haihu. Maganar fushi ta wuce, ni dai in gan ki.

Allah ya raba lafiya.

Yayarki,
Debora

Mindarup
20 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta yi wata guda a hanya kafin ta iso. Na miƙa wa Alois kamar yadda kika ce. Ban taɓa jin ya ɗaga wa uwarsa murya ba sai ran nan. Da aka ciro ƙwayoyin, ruwan sama ya riga ya narka su, sun zama kunu a cikin takarda. Nas kuma wata biyu ke nan ba ta zo ba, an ce injin kwalekwalensu ya lalace. Alois ya tuƙa kwalekwale yini guda zuwa ƙaramin asibiti, ya samo maganin zazzaɓi, na ƙarin jini ya ƙare.

Ƙafafuna sun kumbura, ko matakalar gida ba na hawa sai na huta a tsakiya. Tafiya gida ba za ta yiwu ba yanzu: kogi, mota, jirgin ruwa, mota kuma.

Kada ki riƙe Mama a rai. Ta daina zolayata. Jiya ta dafa mini kifi da ganye, ta zauna tana matsa mini ƙafa, ta ce, "Ci, 'yata, ci ko kaɗan." Yaron yana motsi sosai.

Ki yi mini addu'a.

Ketura

Mindarup
28 ga Yuni

Zuwa ga Debora, yayar Ketura,

Ni ce Ludwina, uwar Alois. Ban iya rubutu ba, shi ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana shi gyara mini magana. Ina gaishe ki da gaisuwar kuka. Saƙon da aka aika ta rediyon mishan ya riga ya same ki, amma ya kamata ki ji yadda aka yi daga bakin wadda ke wurin.

Naƙuda ta zo mata sati uku kafin lokaci, da hantsi. Ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, ba ta cika tafin hannuna biyu ba. Jinin da ya biyo baya ba mai yawa ba ne. Na ga matan da suka zubar da ninkinsa suka tashi suka hura wuta. Amma ita sai leɓɓanta suka yi fari. Muka sa ta a kwalekwale, kanta a cinyata. Ta ce, "Mama, ta yi kuka?" Na ce ta yi. Ta ce, "To, madalla." Muna hango rufin asibitin ta cika.

Nas ta ce mini da ta sha maganin tun a wata biyar, da wataƙila ta sami jinin da za ta tsaya da shi. Ni na karɓe shi da hannuna. Na yi mata alfahari da haihuwa bakwai, ban gaya mata uku na binne kafin su yi sati ba, duk ƙanana kamar wannan. Shekara talatin ina cewa maƙiya ne suka yi mini asiri. Sai yanzu na san sauro ne.

A al'adarmu 'ya ta dangin uba ce, ba ta barin kogi. Na roƙi dattawa, ba su hana ba, Alois ya yarda. Wata maƙwabciya ke ba ta nono, amma nonon bai ishi nata ɗan ba ma. Ketura ta gaya mini kina goyo. Ki zo ki ɗauke ta zuwa tudu inda sauro ba ya kaiwa. Ba neman gafara nake yi ba, ban kai nan ba. Ba na so in haƙa rami na huɗu ne.

Mun sa mata suna Ketura.

Ludwina

Kundiyawa
19 ga Yuli

Mama Ludwina,

Na amsa gaisuwa. Yayyenmu maza sun so su biyo ni da fushinsu, na karanta musu takardarki, suka koma suka zauna.

Zan taso ranar Litinin. Alois ya tarye ni a garin Wewak, ya fara kai ni kabarin ƙanwata.

Zuciyata ba ta sauko ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yarinyar hannunki ta sani, kuma tafiyar kwana biyar ce, ba zan iya da jarirai biyu ni kaɗai ba. Ki haɗa kayanki. Garinmu da sanyi, zan tanadar miki bargo.

Sai na iso.

Debora