Gilashin da Nake Gogewa

Zuwa ga ƙanwata Brígida,

Gaisuwa mai yawa daga Kolombiya. Yaya ciwon ƙafarki, yaya mutanen gida a Mérida? Ki gaya wa ɗana Efraín na sa masa albarka tun kafin ya roƙa.

Na sami abin yi. Kowace safiya nakan hau tudu zuwa gidan tarihin Sifaniyawan da suka kafa garin nan, kafin a buɗe wa baƙi. Gilasan akwatunan da ake nuna kayan tarihi a ciki nake gogewa. Jiya mai gadi ya ce, "Malama, shekara talatin kina koyar da tarihi, yau kina share masa ƙura!" Na ce, "Ɗan nan, ɗaga ƙafarka in wuce." Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba.

Kada Efraín ya sani. Zai zo ya ɗauke ni, ni kuwa ba zan zauna inda wani zai ciyar da ni ba.

A wani gilashi akwai wasiƙar da ɗaya daga cikin Sifaniyawan nan ya rubuta wa matarsa, shekarar da yunwa ta kashe rabinsu. Ya ce ƙasar tana da albarka, kada ta damu.

Ni ma lafiyata ƙalau. Kada ki damu.

Yayarki,
Eulalia