Samfefar Kawu Tahidu

Moshi Zongo, Tamale

Yaya Wahid,

Assalamu alaikum. Ya karatu? Mma tana gaishe ka. Tunda an hana ku waya a makaranta, na ba direban Kumasi wannan takarda.

Ka ce allonka mai taya zai zama nawa in na tsallake gwangwanin madara da shi kafin hutunku, in na kasa ka ba abokinka Mujeeb. Sati uku ina fama a simintin ƙofar shagon Kawu Tahidu. In buga wutsiyar allon da ƙafar baya, in ja ta gaba a kan kaushin saman, yadda ka nuna mini. Takalmin hagu ya huje, gwiwata duk tabo, amma allon ya fara tashi.

Jiya na tarar Kawu ya ɓare baƙin kaushin nan, ya goge katakon, ya shafa masa mai har yana ƙyalli. Wai wanda ya ƙera shi bai gama aikinsa ba. Ina hawa sai ga ni cikin kwata. Wallahi raina ya ɓaci. Don Allah ka ƙara mini lokaci.

Ƙanwarka da ba ta da laifi,
Zuhuratu

*

Kumasi

Zuhuratu,

Wa alaikumus salam. Haba! Kaushin nan shi ke riƙe ƙafa, in babu shi babu tsalle. Wa ya ce ki ajiye allo kusa da kafinta? Ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba. Ki faɗa wa Kawu ya lalata mini kaya.

Ki gaida Mma.
Wahid

*

Moshi Zongo, Tamale

Ɗana Wahid,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ƙanwarka ta karanta mini takardarka a gaban masu sayen kujera, ba ta rage ko kalma ba.

Ni na lalata kaya? Shekara talatin ina aikin katako, ban taɓa jin an ce santsi laifi ba ne sai a bakinka. Na ga abu yana cin takalmin yarinya, na gyara, shi ke nan na zama mai ɓarna. Amma na ga faɗuwarta cikin kwata, kuma ban ji daɗi ba. Na yanko samfefar goge katako mafi kaushi a shagon, na manna ta a saman allon da gam, na danne da dutse kwana biyu.

Yanzu kullum bayan la'asar ni nake ajiye mata gwangwanin. Ta tattake guda tara. Na lura tana kallon ƙafarta maimakon gabanta, na yi magana, ta ce me na sani. Ku duka biyun ba ku da kunya. Kai kuma da ka sa wa ƙanwarka wa'adi kamar ɗan kwangila, za mu haɗu.

Kawunka,
Tahidu

*

Wahid,

Gaisuwa. Yau ta tsallake, gwangwanin yana tsaye bai ko motsa ba. Na sa ta maimaita sau uku don kada ka ce sa'a ce. Ta zauna a ƙasa tana kuka, ni ma na shige shago na ɗan jima.

Ka ce wa Mujeeb ya haƙura. Ka zo mata da takalmi, na ƙafar hagu ya ƙare.

Allah ya kawo ka lafiya.
Kawunka mai lalata kaya,
Tahidu