Kankanar Baba a Tsakiyar Auduga

Tutzor, 9 ga Yuli

Ravshan ƙanena,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Nilufar da yara? Na ba direban tasi wannan takarda don wayar tarho kunnuwa gare ta.

An nome kankanar Baba. Jiya da hantsi mataimakin shugaban gunduma ya zo da tarakta. Ka san yadda na ɓoye ta, rabin hekta cif a tsakiyar auduga, ko daga kan jaki ba ka hango ta. To wallahi mutumin nan bai yi dube-dube ba, kai tsaye ya nufi wurin kamar shi ya shuka. Saura sati biyu ta nuna. Ina tsaye suka bi ta kai, ɗanyen iri ya watse cikin laka, ko ƙwaya ɗaya ba za ta tsiro ba. Kuma duk irin da Baba ya bari na zuba bana.

Tun muna yara ake ce mana kolhoz, gandun gwamnati, ta mutu, kowa ya zama mai gona. Wace gona? Ƙasa tasu, ruwa nasu, su ce auduga za ki shuka, su ce ga kamfanin da za ki kai wa, su yanka farashi. Suna kawai aka sake.

Abin da ya ɗaure mini kai, ba su ƙwace gonar ba. Gargaɗi kurum ya yi, har da murmushi. Amma wani ne ya kai ni. Mu uku muka sani: ni, kai, da Tolib maƙwabcina da muke raba ruwan ban-ruwa. Kana ofishin filaye na lardi, duba mini sunan munafukin.

Yayarka,
Zebo

Farghana, 16 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Zebo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kuma yi baƙin ciki ƙwarai.

Shawarata ita ce ki gode wa Allah da gonar ta tsira, hekta goma sha takwas ba wasa ba. Doka ta ce wanda ya shuka abin da ba a rubuta masa ba a karɓe filin, ke kuwa an bar miki. Ki bar maganar haka. Ba ni da ikon buɗe takardun ofis, kuma ba na jin Tolib-aka, da muke girmamawa kamar yayanmu, zai yi miki haka. Shekara talatin yana cin shinkafar palov a gidanmu.

Don Allah ki rage rubuta irin waɗannan maganganu. Direba ma yana da ido.

Ƙaninki mai biyayya,
Ravshan

Tutzor, 28 ga Yuli

Ravshan,

Salamu alaikum. Wannan wasiƙa ce ka aiko mini ko sanarwar gwamnati? “Doka ta ce.” Iye! Yaron da na goya yau shi ke karanta mini doka.

Kai ba ka jin Tolib zai yi, ni kuwa na gani da idona. Kwana uku da abin ya shigo da kwandon inabi, yana wani sunkuyar da kai. Wai, “Zebo, ki yi haƙuri, ki jira kaka, akwai abin da zan nuna miki.” Na ce, “Ka riga ka nuna.” Ya yi dariya kamar bai gane ba. Wa ke kawo inabi ba dalili? Ranar kasuwa kuma na gan shi jingine da motar mataimakin nan, suna shan taba. Ya ce maganar man tarakta suke. Man tarakta! Ai kowa ya san wanda aka ƙwace wa gona maƙwabcinsa ake ƙara wa.

To ba shi kaɗai ya iya ba. Shi ma yana da abin da ya ɓoye a ƙarshen gonarsa, bayan itatuwan tut, inda yake juya ruwa ran Laraba yana zaton ban lura ba. Ban san me ya shuka ba, amma ba auduga ba ce. Shekaranjiya na rubuta takarda ba suna, na jefa a akwatin ƙorafi na gunduma. Tun ranar taraktan nan sai yanzu na ji sanyi a raina.

Ka gai da Nilufar.
Zebo

Farghana, 31 ga Yuli

Yaya,

Innalillahi! Me kika yi? Ba Tolib-aka ba ne. Ni ne.

Tun bazara ofishinmu ke karɓar hotunan gonaki daga sama. Kankanarki ta fito a hoton ɓaro-ɓaro kamar faci a riga. Ɓoyayyiyar shukar Tolib-aka ma ta fito, amma ita na tura hoton ƙarƙashin tarin takardu, babu mai nema. Taki ba ta turuwa, don maigidana da kansa yake duba gonakin ’yan’uwan ma’aikata, kuma saura kwana huɗu ya iso kanki. Wanda aka kama a ƙwace, wanda ya tona kansa a nome a bar shi. Sai na rubuta takarda da sunanki, cewa kin yi kuskure kina neman afuwa, na kwaikwayi sa hannunki. Murmushin da mutumin ya yi miki kenan.

Na so in faɗa miki, na ji tsoron direba, na kuma ji tsoronki. Na san da na tambaye ki cewa za ki yi gara gonar ta tafi da a taɓa irin Baba.

Ki zage ni, na cancanta. Amma ki tafi gunduma yau, ki ce ƙarya kika yi, ki ce kishi ne, ki ce komai. ’Ya’yansa biyar, Yaya.

Ravshan

Tutzor, 12 ga Agusta

Ravshan,

Takardarka ta iso ran Asabar. Tarakta ta riga ta, ran Alhamis ta shiga gonar Tolib.

Kankana ce ya ɓoye, tamu. Ashe Baba ya ba shi cikin hannu ɗaya na irin shekarar da zai rasu. Abin da ya ce in jira kaka ya nuna mini kenan.

Sun ƙwace gonarsa. Jiya aka kira ni gunduma, an haɗa mini ita da tawa, wai ni manomiya ce mai gaskiya tunda na tona kaina. Na ce ba na so, suka ce ba tambayata aka yi ba. Na sa hannu.

Jibi Tolib zai tafi Rasha aikin gini. Da safe ya zo sallama, ya ciro ƙullin takarda daga aljihu, ƙwaya goma sha ɗaya da suka rage masa a kwalba. Ya ce, “Riƙe, ke kike da ƙasa yanzu.” A bakin ƙofa ya juyo ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya kai shi.

Ya tsaya yana kallona, yana jira. Na ce amin.

Kada ka zo bana.

Zebo