Sunan da Kotu Ta Hana Mu Faɗa

Daren Alhamis, Nuwamba 2022, unguwar Bin Mahmud

Yau a makaranta ƙawata Safiya ta tare ni da murna. Wani abokin babanta ya samo mata tikitin kallon gasar kofin duniya a filin ƙwallo na Al Thumama, gobe zai kai ta a motarsa. Da ta faɗi sunansa, nan take na gane shi. Shi ne ya yi wa Yaya Binta fyaɗe lokacin kullen korona.

Kotu ta ce shari'ar sirri ce. In maganar ta fita daga gidanmu, Yaya za a hukunta.

Na ce, “Safiya, don Allah kada ki je.”

Ta ce, “Yalla, maza faɗi dalili, ustaziya! Ko baƙin ciki kike yi?”

Na tuna takardar kotun da Baba ya karanta mana sau biyu a falo, sai na ce ba komai.

Da na gaya wa Yaya, sai ta ce, “Ni aka cuta, ni kuma aka ɗinke wa baki.”

Ɗazu Safiya ta turo mini hoton abayar da za ta sa. Sau uku ina rubuta mata gaskiya ina gogewa. Gobe ƙarfe huɗu zai zo ɗaukarta.