Takardu Uku da Fanka Ta Kaɗo

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Ya ciwon kan nan? Ni idon ya yi sauƙi, ina sa maganin.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na shiga aji. Akwai abin da na yi a ofishinku ranar Talata, bakina ya kasa faɗa.

Da kika ajiye ni a kujera kika shiga ganawa da mutanen makarantar da kuke gina wa shafin intanet, sai na tsaya karanta allon bangonku. Tun da na iya karatu ba na wuce rubutu. Na ga sunan kowa, da ƙananan takardun aikinsa manne a ƙasa. Dogo biyu. Yarinyar nan mai tabarau ɗaya. Ke goma sha ɗaya. Sau biyu na ƙirga.

Na tambayi mai tabarau ko ba ta da lafiya ne. Ta yi dariya ta ce lafiyarta ƙalau, shugabarsu ce ke cewa kafin ta yi bayani gara ta yi da kanta. Auta, ke kenan tun kina ƙarama, ko tsintsiya ba kya bari a kama miki.

Ana nan sai fanka ta kaɗo uku daga naki. Na tsince su. Na san inda suka fito, ba zan ce kuskure ba ne. Na manna wa Dogo ɗaya, mai tabarau biyu. Sai a mota na tuna ɗaya an rubuta rajistar ɗalibai, Litinin. Tun daga nan abinci ba ya shiga. In ba wanda ya taɓa ta, ranar Litinin ɗin iyaye za su buɗe shafin su tarar babu komai, a kanki kuma za a sauke. Don Allah ki duba allon.

Ki riƙa cin abinci.

Mahaifiyarki,
Inna


Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Kwana biyu ba ki ɗauki wayata ba, ban ga laifinki ba.

Yayanki ya zo jiya ya ba ni labari. Ya ce wasiƙata sai Juma'a ta same ki. Ya ce kin taso a fusace wajen taron da kuke yi a tsaye da safe, sai mai tabarau ta ce ai ta gama rajistar tun jiya, Dogo ya gwada ta a waya da kwamfuta, ta yi. Wai ta ɗauka ke kika ba ta, har ta fasa miƙa takardar barin aiki da ke cikin jakarta. Wannan ban sani ba. Ke ma ina jin ba ki sani ba.

Ya ce kin nemi abin gyara a aikin, kin samu waƙafi ɗaya. Ya ce yanzu naki huɗu ne a allon, sauran kin raba musu da kanki, kuma ba ki gaya musu wanda ya taɓa takardun ba. Ni ma ba zan faɗa ba.

Ban ce na yi daidai ba. Ba zan ƙara taɓa muku kaya ba. Amma in kin zo ranar Asabar, ki baro kwamfutar a can. Fankar nan kuma kada ku canza mata wuri.

Ki gaishe min da mai tabarau.

Taki har kullum,
Inna