Layin da Babu Suna

Gidan yari, 9 ga Yuni

Gwaggo Merle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, gwiwarki ta yi sauƙi, sanyin bana kuma bai matsa muku a Mole Creek ba. Ki shafa mini kan Bosun idan yana nan da rai, ko da yake karen da ya kai shekara goma sha huɗu ban san me yake jira ba.

Bayan haka, ni ne Kade, ɗan ƙaninki. Shekara biyu da rabi ban rubuto ba, ke ma ba ki zo ba, mun yi canjaras. Ba kuka na zo yi miki ba. Na karya wa mutum muƙamuƙi a ƙofar mashaya a Devonport, an ɗaure ni, kuma da za a maido ranar, ban tabbata ba zan sake ba.

Yayata Tegan ta zo ranar Lahadi. Ta ce furannin helebo ɗin da na shuka kafin in bar gidanki, waɗanda babu alamar suna a jikin tukwanensu, ba ki zubar ba. Ta ce kin dasa su a layi ɗaya ƙarƙashin babbar bishiyar bayan tankin ruwa, sun fi ɗari biyu, kuma bana za su yi furensu na farko. Sai da ta ga na fara murmushi ta ƙara da cewa kin ce da zarar sun buɗe za ki bi su da cebur, ki zaɓi biyu ko uku, sauran su tafi juji. Tegan haka take ba da labari, sai ka haɗiye zuma ta miƙo maka kunama.

Ni na haɗa auren iyayensu, Gwaggo. Wancan Agustan yatsunki sun ƙi riƙe buroshi, ni na durƙusa a kan ƙasa mai ƙanƙara ina ɗibar garin wannan fure ina shafa wa wancan, har ruwan jikinsu ya sa yatsuna suka yi kwana uku kamar ba nawa ba. Ni na tsare su har irin ya nuna a Disamba, na shuka shi ɗanye a ranar, don ke kika ce irin helebo ba ya son jira. Oktoba zan fito. Lokacin duk furen ya koɗe ya koma kore, ba mai iya cewa wannan baƙi ne ko ja. Abin da nake so ɗaya ne. Ki bar layin nan ya ƙara shekara, in gan su da idona Yulin baɗi. Daga nan ki tone su, ki ƙone su, ki dafa wa matan ƙungiyar lambu shayi da su.

A nan babu inuwa. Filin da ake sakin mu siminti ne zalla, ko ciyawa ta leƙo sai an fesa mata magani.

Ki huta lafiya.
Kade

18 ga Yuni

Zuwa ga Kade,

Na samu takardarka, na gode da gaisuwa. Muna lafiya. Bosun yana nan, ya kurmance, ya ƙara ƙiba. Ina fata ana ba ka bargo isasshe.

Bayan haka, Tegan ta faɗi gaskiya. Na dasa su ne saboda tukwanen sun tare mini hanya, ba don wani abu ba. Shekara arba'in da ɗaya nake wannan aiki, ka kuwa san ƙa'idar wurin nan: tsiron da ba a san uwarsa da ubansa ba, ba ya zama. Ko ya yi kyau, ba zan iya sake haɗa irinsa ba, to me zan yi da shi? Ban da haka, idan na bar su da fure, ƙudan zuma za su yi nasu haɗin, iri ya zube, baɗi in tarar da dubun 'ya'ya a gindinsu, a rasa na wa da na wa. Wurin nan shi ne inuwa mafi kyau da nake da ita, ina da fararen helebo da suke jiransa tun bara.

Makon jiya na bi layin na yanke tsofaffin ganyen, kamar yadda ake yi wa kowa. Kawunan furen sun fara turo ƙasa. Fosam, ɗan dabbar nan mai hawa bishiya da dare, bai taɓa su ba, ya dai cinye mini ganyen faski na miya.

Da ka ɗauki fensir ɗin da nake miƙa maka kowace safiya ka rubuta kalma huɗu a jikin kowace alama, da yanzu ba wannan maganar muke yi ba. Na ce maka malalaci a gaban mutane, ban kyauta ba da na faɗa a gabansu. Amma maganar ban janye ta ba.

Rubutunka ya fi sa hannun mahaifinka kyau. Ban taɓa ganinsa ba sai yau.

Gwaggonka,
Merle Bantick

25 ga Yuni

Gwaggo,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya. Bargo biyu ne, ɗaya ya fi takardar nan kauri kaɗan.

"Ban taɓa ganinsa ba sai yau." Kin rubuta wannan da hannunki, kin sa a ambulan, kin liƙe, kuma ba abin da ya faɗo miki a rai? Shekara uku ina cin burodi a teburinki. Kin taɓa ganina riƙe da jarida? Idan kika ce in karanto miki abin da ke jikin buhun taki, me nake cewa? Na manta tabarau. Ni da ban taɓa sa tabarau ba a duniya! Ke da kike gane ƙwaro ɗaya a bayan ganye daga nisan taku goma.

Ban iya karatu ba, Gwaggo. Shekara goma sha tara, ban iya ba. A makaranta tura ni gaba kawai suke yi, don ba malamin da ke son ya sake shekara da ni. Ranar da matan nan suka sauko daga bas ɗin Launceston da hulunansu, kika ɗaga tukunya sama kika ce, "Ku ga aikin malalaci, suna ɗaya ya gagara rubutawa," wata mai jan baki ta ce, "Ai yaran yanzu sai waya, Merle." Na tsaya da fensir a hannu, abu biyu ne a gabana: ko in ce ban iya ba, ko in jefar da shi in tafi. Kin ga wanda na zaɓa.

A nan na koya, kuma ba a ajinsu ba. Sau ɗaya na shiga, aka ba ni littafi mai hoton agwagwa, na fito. A keken littattafan da ake turowa ran Laraba na tsinci wani tsohon kundin masu sayar da furanni, bangonsa ya cire. Na ga hoton helebo, na san sunansa a baki, sai na zura wa baƙaƙen da ke ƙarƙashinsa ido har suka gaji suka sallama. Wata takwas ina kan kundin nan. Abokin ɗakina, Trev, wani tsohon direban babbar mota, ya ce, "Farfesa, mutane na ɓoye hoton mata a ƙarƙashin katifa, kai kabeji kake ɓoyewa." Na ce, "Kabejin nan ya fi duk matan da suka taɓa kulawa da kai kyau." Ya ce ba zai yi musu ba, ya ga matan. Yanzu na karanta duk abin da ke keken, har da littafin gyaran famfo.

Kuma ba a banza na shuka su ba. Ki je ki duba, kowace tukunya na soka mata tsinke da zaren ulu, daga kwandon saƙarki na sata. Jan zare, 'ya'yan baƙin nan na gindin tanki ne da rawaya mai ɗigo-ɗigo. Shuɗi, farin mai ninki biyu ne da wanda kika samo a wurin tsoho Lindsay, abokin sana'arki. Kore da ruwan ƙasa ma suna nan a kaina, ban manta ko ɗaya ba. Suna da uwa da uba. Ke ce ba ki tambaya ba.

Wani lokaci idan aka buɗe ƙofa da safe, iska ta shigo da sanyin nan mai cizon hanci, sai in ji kamar in juya dama zan ga tankin, da tururin shayinki a kan kututture. Sai in juya in ga Trev yana yanke farce.

Ki huta lafiya, idan kin iya.
Kade

20 ga Yuli

Zuwa ga Kade,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Na fara takarda uku na yaga.

Ban sani ba. Ya kamata in sani. Mahaifinka ma haka yake cewa ya manta tabarau, sai yanzu da ya shekara tara a ƙasa nake zaune ina lissafin abin.

Zaren ulun na gan shi tun ranar da ka tafi. Na ɗauka wasa ne, amma ban zubar ba. Da na zo dashe, na ɗaura kowanne a jikin waya na soka a gindin tsironsa, ban san dalilin da ya sa na yi ba. Da takardarka ta zo na ɗauki sanda na je na duba. Kade, shekara biyu suna shan ruwa da rana. Duk sun koma launi ɗaya, kamar gashin kaina. Na kawo guda biyar kicin na wanke da sabulu, na duba a bakin taga, ba ja ba shuɗi.

Don haka muna nan inda muke. Sun fara buɗewa tun makon jiya, kusan rabinsu. Duk sun sunkuyar da kai kamar yadda suka saba, bayansu kawai ake gani. Ban ɗaga ko ɗaya ba tukuna. Na san halina. Idan na ɗaga na farko na ga bai yi ba, cebur zan ɗauko, kuma ba zan tsaya ba sai na kai ƙarshen layi. Hannuna ya riga ya saba, ba ya shawara da ni.

Fararen nan kuma saiwarsu ta cika tukunya, sun fara rawaya. Ba za su kai baɗi a haka ba. Dole in yanke shawara kafin Agusta ya ƙare.

Gwaggonka,
Merle

28 ga Yuli

Gwaggo Merle,

Ina gaishe ki, ina gaida Bosun, ko da yake ba zai ji ba.

Na karanta zancen zaren sau huɗu, sannan na daki bango. Ba abin da ya samu bangon. Trev ya ce, "Farfesa, in ka karya hannun, wa zai rubuta wa matata ƙarya?" Ni nake rubuta masa wasiƙu yanzu, kin ji inda duniya ta kai.

Ba zan ce miki zan gane iyayensu daga fuska ba. Jiya na yi niyyar faɗa miki haka, na ga ƙarya ce. Wasu zan gane, 'ya'yan baƙin nan ba sa ɓuya. Sauran sun tafi. Kin yi gaskiya, ba su da suna, kuma fararenki ba su yi wa kowa laifi ba.

Batun Baba kuwa, ban san me zan yi da shi ba. Na tuna yadda yake miƙa wa Mama takardar asibiti ya ce hannunsa da maiƙo. Na yi ta jin haushinsa shekara da shekaru a kan abubuwa da yawa, wannan kuma ya zo ya ɓata mini lissafin.

To ga abin da ya rage. Idan za ki tone su, ki tone. Amma kafin ki sa cebur, ki ɗaga kan kowanne da yatsa, ki rubuta mini abin da kika gani. Kalma huɗu ta isa, ke kika faɗa. Baƙi ne, ko ja mai duhu, ko yana da ɗigo a ciki, ko ya fito da ruwan laka irin wanda kike cewa ko akuya ba za ta kalla ba. Ɗari biyu ne, na sani, gwiwarki kuma ba ta so. Ki yi goma a rana. Ban taɓa yin wani abu da ya ɗauki shekara uku ya fito da rai ba sai wannan, ina so in san kamanninsa, ko a takarda ne. Yanzu ai ina iya karantawa.

Ki gafarta mini zancen tabarau. Ba duka ba, rabi.

Naki,
Kade

30 ga Agusta

Kade,

Gaisuwa. Muna lafiya.

Ba zan aiko maka da jerin launuka ba. Na bi layin da almakashi, kwana shida, na yanke furen duka tun iri bai kama ba. Ta baya na kama kowanne, kansa a sunkuye na jefa shi a buhu, na ɗaure bakin buhun. Ban duba ba. Tsirran suna nan a inda suke, ɗari biyu da goma sha ɗaya. Fararen na kai wa Lindsay, yana da inuwa a bayan rumbunsa.

Guda ɗaya ne, wajen ƙarshen layi, bai sunkuya ba. Kansa a ɗage yake, yana kallon mutum ido cikin ido. Shekara arba'in da ɗaya ina neman mai yin haka. Wannan na gan shi, ba laifina ba ne, kuma ba zan gaya maka launinsa ba.

Ka rubuto mini ranar da za a sake ka, da lokacin bas.

Gwaggonka,
Merle