Ɗana Ba Ɗan Ƙwaya Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Makarantar Sakandaren da ɗana Bukar yake karatu, Maiduguri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyalinka. Sunana Yagana, ina zaune a Abbaganaram, ina sayar da turaren wuta a Kasuwar Kwastam. Ka san ni. Ni ce matar da ta yi ta zarya ƙofar ofishinka har masinjanka ya daina amsa mini sallama. Na sakaya sunanka da na makarantar don darajar malaman da babu hannunsu a ciki. Amma tunda a bainar jama'a ka tozarta ɗana, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Na farko, abin da ya sami yaron. Bukar shekararsa goma sha biyar. Bara na aike shi gida ya ɗauko mini kwalaben turare, yana hanyar dawowa bom ya tashi kusa da shi. Allah Ya tsare, ko ƙwarzane bai yi ba, amma ya iso rumfata babu takalmi, da jinin wani a rigarsa. Bayan 'yan makonni abin ya fara. Ƙofa ce ta bugu, ko tukunya ta faɗi, sai numfashinsa ya sarƙe, gumi ya karyo masa, hannuwa na rawa, ya dafe ƙirji yana cewa, "Mama, mutuwa zan yi." Wani lokaci ma babu ƙarar komai, haka kawai abin zai taso masa.

Na biyu, shawarar da ka ba ni. A gida kan mutane ya rabu. Kakarsa ta ce aljanu ne, aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, kuma ni ba na raina addu'a. Baffansa ya ce kada in kuskura in kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, don duk wanda aka gani a ƙofar nan an yi masa tambari, ko mata ba za a ba shi ba nan gaba. Mahaifinsa direba ne, kullum yana hanya, ya bar mini wuƙa da nama. Maƙwabciyata Mama Rifkatu, mai aiki a coci, ita kaɗai take ce mini in kai shi, don 'yarta ta yi irin wannan kuma ta samu sauƙi. Na rasa wanda zan bi. Shi ya sa na zo wurinka, a ganina kai ne mai ilimi, kai ka san yara. Ka tuna abin da ka ce? "Hajiya, wane yaro ne a garin nan bai ji ƙarar bom ba? Shagwaɓa ce. Wancan asibitin mahaukata ne. Ki bar mana shi, za mu gyara shi." Na yarda da kai, na koma gida.

Na uku, gyaran da kuka yi masa. Ana cikin darasi tayar wata mota ta fashe a bayan katangar makaranta. Bukar ya shige ƙarƙashin tebur yana kakari. Malamin horo ya jawo shi waje, ya ga idonsa ya yi ja, jikinsa na ɓari, nan take ya yanke hukunci cewa ƙwaya ya sha. Yaro yana neman numfashi ana zuba masa bulala! Ni na gasa masa bayan nan da ruwan zafi, na san abin da na gani. Washegari a taron safe ka tsayar da shi gaban ɗalibai, ka ce ga irin 'yan ƙwayar da ke ɓata muku suna, ka dakatar da shi. An binciki jakarsa? An samu wani abu? An kira ni? Kai da na zauna a gabanka na faɗa maka ciwonsa da bakina! Kuma ka fi ni sanin garin da muke ciki. A Maiduguri ta yau zargi kaɗai ya isa ya jefa matashi cikin abin da ba a fita. Har gida labarin ya riga shi isowa, iyayen abokansa suka hana 'ya'yansu tafiya da shi. Ya daina cin abinci, ya daina fita ko masallaci.

Na huɗu. Da na ga zan rasa ɗana, na yafa mayafina, Mama Rifkatu ta raka mu asibitin da ka hana ni zuwa. Ban ga kowa a ɗaure ba. Na ga mata irina, da dattawa, da 'yan makaranta, kowa zaune a layi da damuwarsa. Likita ta zaunar da shi ta saurare shi, abin da babu babba ɗaya a makarantarka da ya yi. Aka gwada fitsarinsa, babu ƙwaya. Ta ce ciwon firgici ne, yana kama wanda ya ga tashin hankali, kuma ana warkewa. Ta koya masa yadda zai ja numfashi in abin ya taso, ta ba shi magani, yana komawa suna tattaunawa. Bai warke sarai ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma yanzu yana ci, yana barci, kwanan nan ma da ƙafarsa ya biyo ta wurin da bom ɗin ya tashi ya same ni a kasuwa.

Na biyar, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na kawo maka takardar likita ina murna an wanke ɗana. Ko karanta ta ba ka yi ba, sunan asibitin kawai ka gani, ka ce to ai yanzu ta tabbata yana da taɓin hankali, iyaye ba za su yarda ya zauna da 'ya'yansu ba. Ranka ya daɗe, in ban kai shi ba ɗan ƙwaya ne, in na kai shi mahaukaci ne. To ina kake so uwa ta sa kanta? Ga jarrabawa ta ƙarato, tsararrakinsa suna aji, shi yana gida yana kallon bango.

Abin da nake nema: a mayar da Bukar aji kafin jarrabawa. Ka janye kalmar ɗan ƙwaya da bakinka a gaban ɗaliban da suka ji ta. A hana malamin horo taɓa yaron da ya faɗi har sai an san abin da ya kayar da shi. Sannan ku nemi likita ya zo ya yi wa malamanku bayani, don wallahi ba Bukar kaɗai ba ne a azuzuwan nan. Sauran sun ga abin da aka yi masa, sun koyi ɓoyewa.

Ranar Litinin, in Allah Ya kai mu, zan kawo shi da kaina cikin kayan makaranta. In za ka sake korarsa, sai ka fito ka yi a gabana.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare maka zuriyarka daga ganin abin da ɗana ya gani, Ya dawo wa Borno da zaman lafiya.

Wassalam.

Yagana, mahaifiyar Bukar,
Abbaganaram, Maiduguri.